Kwafi 6, ɗalibai 41: malaman adabi, ku ba ni shawara

Maman Sadiƙ, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum. Iyayena da malamaina, barkanmu da sanyi.

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar al'umma a nan Jos. Shekara 4 ina ƙananan azuzuwa, ina fama da nahawu da insha'i da ƙa'idojin rubutu. Wannan zangon aka yi wa malamin manyan azuzuwa canjin wurin aiki, sai aka ɗora mini adabi a aji biyar, wato SS 2, yaran da baɗi war haka suna bakin WAEC da NECO. Su 41 ne, mata sun fi yawa.

Na ce kafin mu shiga littattafan manhaja bari mu ɗumama da abin da ke cikin kabad ɗin makaranta. Da na buɗe, littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa na tarar, kwafi 6, biyu ba bango, ɗaya kuma shafukan ƙarshe sun zube. Na raba su, na ba da mako biyu, na rubuta jinga a allo: ku bayyana jigon littafin.

Daren Lahadi na zauna duba takardun bayan yara sun yi barci. Takarda ta farko ta burge ni, Hausa tsaf kamar ta malamin jami'a. Ta biyu, jimla iri ɗaya. Ta uku ma haka. Kafin in gama na ware takardu 19 da ba su da bambanci ko na waƙafi. Har garin Rauta, inda Shaihu yake zaune yana ba almajiransa labarin, dukansu Rauda suka rubuta, saboda wanda aka kwafa daga wurinsa haka ya rubuta. Wani yaro kuma ya kawo mini shafi biyu cike da sunan wani tauraro da babu shi a littafin gaba ɗaya. Na kira shi gefe ranar Litinin, bai yi mini gardama ba, ya ce wayar yayansa ya tambaya ta rubuto masa.

Takarda ɗaya ce ta hana ni barci. Wata yarinya mai zama a bencin baya, ba ta cika magana ba, rabin shafi kawai ta rubuta. Ba ta ambaci kalmar jigo ba ko sau ɗaya. Ta ce wurin da ya fi taɓa ta shi ne inda mahaifiyar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun bauta. Sai ta ce kakarta tana da ɗa da ya fita ranar Juma'ar da aka fara rikicin 2001, har yau ba a ga ko takalminsa ba, kuma har yau in aka yi sallama da dare tsohuwar ce ke fara amsawa. Na karanta ya fi sau biyar. Yarinyar nan ita kaɗai na tabbata ta karanta littafin. Amma in na bi tsarin ba da maki, ba ta kai rabin abin da masu kwafe suka samu ba.

To ga tambayoyina. Waɗanne littattafai zan nema wa kaina don in iya koyar da nazari yadda ya kamata, tunda abin da na yi a kwalejin ilimi ya kwana biyu? Wace irin jinga zan riƙa bayarwa wadda ba za ta kwafu ba? Kuma yaya zan yi da kwafi 6? Iyayen yawancinsu masu ƙananan sana'o'i ne, kuɗin makaranta ma sai an bi su. Ba na so in kai yaran nan ɗakin jarrabawa da haddar abin da ba su taɓa buɗewa ba, kuma ba na so su faɗi saboda ni. Allah ya saka da alheri.

Baba Malam, Gangare

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika karanta takardun ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe alli shekara 33 kafin in ajiye, kuma ban taɓa samun ajin da kowane yaro yake da nasa littafin ba. Saboda haka kwafi 6 kada ya karya miki gwiwa.

Laifin farko na tambayar ne, ki yi haƙuri da ni. Duk wanda ya ce wa yaro "bayyana jigo" ya tafi gida da shi, ya riga ya aike shi wurin mai taƙaitawa. Amsar wannan tambaya tana nan an rubuta ta tun kafin a haife su. Tambayar da ba ta kwafuwa ita ce wadda sai an buɗe shafi. Ki ce: ku nemo wuri biyu da Makau, mijin mahaifiyar Umar, ya nuna halinsa ta abin da ya aikata, ku rubuta lambar shafi, ku faɗi abin da ya yi da bakinku. Ko ki ce: wa ke ba da labarin nan, su wa yake ba, kuma da a ce mahaifiyarsa ce ke bayarwa, me zai canza? Yaron da bai karanta ba, ko waya goma ya tambaya, lambar shafi za ta tona shi.

Na biyu, karatun a cikin aji za a yi shi. Ki kasa su gida 6, kowane rukuni da kwafinsa da shugabansa, mai tsagaggen kwafi ya haɗu da maƙwabcinsa in an zo ƙarshe. Minti 15 na farkon kowane darasi, mutum ɗaya ya miƙe ya karanta da ƙarfi, saura su bi da ido. Ke ma ki riƙa karɓa kina karanta musu sakin layi ɗaya ko biyu, su ji inda ake tsayawa, su ji yadda murya take sauka. Littafin ba shi da kauri, cikin mako uku kun gama. Za ki sha mamakin yawan waɗanda suka kai aji biyar ba sa iya karanta Hausa a bayyane ba tare da sun yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ ba. Nan Jos abin ya fi yawa, don Hausarmu ta kasuwa ta saba haɗiye su, kuma a ajinki na tabbata akwai waɗanda Hausa ba ita ce harshen gidansu ba. Wannan karatun bayyane magani biyu yake yi.

Kowane yaro ya ware littafin rubutu mai shafi 40, mu muna ce masa littafin lura. Bayan karatu, layi biyar kawai: me ya faru, wa ya yi, wace kalma ce ban sani ba, wane karin magana na ji. Ki riƙa sa hannu duk Juma'a. Ranar da jarrabawa ta matso, wannan shi ne littafin taƙaitawarsu, kuma nasu ne, da hannunsu suka yi shi.

Sannan ki ba su tarihin abin da ke hannunsu, yara suna son haka. A 1933 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da wannan naku. In kika gaya musu cewa malamin makarantar da ya rubuta shi a Bauchi, nan kusa da mu, shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya, wanda hotonsa ke jikin takardar naira biyar, za ki ga sun sake riƙe littafin da wani irin riƙo. Ni har fito da takardar kuɗin nake yi daga aljihu.

Game da naki karatun, ki nemi Rabe-Raben Adabin Hausa na Abdulƙadir Ɗangambo, ƙarami ne amma zai tsara miki kai. In kin zo waƙa, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa nasa zai nuna miki yadda ake bin waƙa daga zubi da tsari zuwa jigo da warwararsa zuwa salo. Tarihin rubutu kuwa, Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya. Na biyun yana wurina, in kin turo yaro bayan sallar Juma'a zan ba ki aro, amma amana ce, ki dawo mini da shi.

Yarinyar bencin baya kuma, kada ki rage mata komai a zuci. Ta riga ta kama jigon, sunansa ne ba ta sani ba. Ki zaunar da ita ki nuna mata cewa abin da ta ji ɗin nan, rabuwar uwa da ɗa ta dalilin bauta, shi ake nema, saura kawai ta koyi jera shi: ga jigo, ga hujja daga littafi, ga bayanina. Wannan aikin mako ɗaya ne. Masu kwafe su ne aikin shekara.

Ɗan Rikkos

Anti, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, Hausa nake karanta, na zo gida hutu. Ban fi shekara 4 da barin irin ajin nan ba, don haka bari in faɗi ta ɓangaren ɗalibai.

Mu ma mun kwafa, gaskiya. Ba don rashin so ba, sai don ba wanda ya taɓa nuna mana yadda amsa mai kyau take. Malami zai ce yi sharhi, mu kuwa ba mu san ƙofar shiga sharhi ba. Ki rubuta musu amsa guda a allo tare da su, jimla bayan jimla, su ga yadda ake gina ta.

Ki samu manhajar WAEC da ta NECO na shekarar da za su zauna, kada ki dogara da jerin da tsohon malami ya bari, domin ana sauya littattafan bayan 'yan shekaru, kuma jerin hukumomin biyu ba lallai ya zo ɗaya ba. JAMB ma da nata. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani don sanin yadda ake tambaya, amma amsoshin da ake bugawa a bayansu a yi hattara da su, na sha ganin kuskure.

Adabin baka ne inda kike da arziki ba ki sani ba, Anti. Ba ya bukatar kwafi ko ɗaya. Kowa ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a layinsu ya ɗauko tatsuniya guda a waya, ya rubuta ta yadda aka faɗe ta, ya faɗi wa ta ba shi, a ina, da wane lokaci. Mutum 41, tatsuniya 41, in ma biyu sun zo iri ɗaya sai ku kwatanta bakin tsohuwar Dilimi da na tsohuwar Nasarawa. Haka waƙoƙin daka da na reno da na gaɗa. Kuma ga Ɗan Maraya, ɗan Bukuru ne, a garin nan ya rayu har ya rasu a 2015. Ki sa musu waƙarsa ta karen mota a aji, su saurara sau biyu, su fito da wanda ake wa waƙar, da abin kiɗan, wato kuntigi, da abin da mawaƙin ke so jama'a su gane game da ƙaramin ma'aikaci. Yaran da iyayensu ke tashar Bauchi Road ba sai an yi musu dogon bayani ba. Littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, zai ba ki matakan.

Alhaji mai yadi, Taminus

Malama, ni ba malami ba ne, uba ne, 'yata tana aji shida a wata makarantar. Na karanta duk abin da aka ce, kuma ina girmama Baba Malam. Amma ku ji tamu. Mu abin da muka sani, yaro ya fito da sakamakon da zai shiga jami'a. Kuɗin rajistar jarrabawa ba wasa ba ne, in ya faɗi sai an sake biya. In aka ce yara su tafi neman tatsuniya wurin tsofaffi, ga lissafi ga Turanci suna jiransu, yaushe za a gama manhaja? Ɗan littafin taƙaitawar nan da kuke kuka da shi, shi muke iya saya, kuma da shi yaran maƙwabta suka ci.

Ban ce a bar yara su yi satar amsa ba, wannan haramun ne ko a kasuwa. Amma a duba lokaci. Game da littattafai kuma, ki kai maganar taron iyaye da malamai, ki zo da lissafi a rubuce: kwafi kaza, kuɗi kaza. Iyaye ba sa son a ce "a taimaka", sun fi son a ce ga adadi. In an haɗa kuɗin a saya a dunƙule daga Zariya ko Kano, ya fi sauƙi a kan ɗaya-ɗaya. Muna da masu zuwa Kantin Kwari duk mako, ɗauko kwali ɗaya ba zai gagara ba.

Malama Hajara, Bukuru

Alhaji, damuwarka gaskiya ce, amma bari in faɗa maka abin da na gani da idona, don na yi shekaru ina zuwa duba takardun jarrabawa. Abin da ya fi kayar da yara a adabi shi ne a tambaye su abu ɗaya, su kwashe labarin littafi tun daga farko su zuba. An ce ka nuna halin tauraro, kai kuma ka ba da labari. Masu haddar taƙaitawa su suka fi yin haka, domin abin da ke kansu ke nan, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. In aka ɗan juya tambayar kuwa, sai su tsaya cak. Wanda ya karanta littafin, ko Hausarsa ba ta kai ba, zai kawo misali, kuma misalin nan shi ne maki. WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu bayan kowace jarrabawa, ana samunsa a shafinta na intanet, duk malamin adabi ya kamata ya leƙa ya ga irin kurakuran da ake nanatawa.

Ƙanwata Maman Sadiƙ, ƙarin da zan yi kan maganar Baba shi ne waƙa, don nan yara suka fi tsoro. Kada ki fara da ma'anar kalmomi. Ki sa su rera tukuna. In sun rera, kunnensu zai kama amsa-amo, wato sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layuka, kafin ki faɗi sunansa. Daga nan ki sa su ƙirga ɗango, wato layi, a baiti, su gane ƙwar biyu (baiti mai layi biyu) da ƙwar biyar (mai layi biyar) da hannunsu. Sannan kowa ya rubuta baiti biyu nasa a kan abin da ya gani da safe. Wanda ya taɓa wahalar neman kalmar da za ta dace da ƙarshen ɗango ba zai sake manta amsa-amo ba. Kamantawa da siffantawa da mutuntarwa ma daga baitocinsu za ki ciro su, ki ce ga shi kai ma ka yi.

Wasan kwaikwayo kuma a yi shi a tsaye. Fitowa ɗaya ta isa, minti goma, a tura bencina baya. Ki lura, yaron da ya fi kowa surutu shi zai fi riƙe maganar tauraronsa.

Maman Sadiƙ, Unguwar Rogo

Iyayena, na dawo bayan mako uku, kada ku ce na karɓi shawara na ɓace. Baba, littafin ya iso, na sa masa rigar takarda, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mun kasa gida 6 kamar yadda ka ce. Makon farko ya yi wuya. Yaron da na fara tsayarwa ya karanta, gumi ya riƙa keto masa cikin sanyin nan, wasu suka fara dariya, sai na karɓa na karanta tare da shi har ya kai ƙarshen sakin layi. Yanzu rububin karatu suke yi. Ranar da muka zo inda uwar ta sadu da ɗanta bayan duk wahalar nan, an kaɗa ƙararrawar tashi babu wanda ya motsa, sai da muka ƙarasa. Na ba da takardar naira biyar ta zaga aji, ta dawo mini bayan kowa ya ƙare mata kallo.

Jingar lambar shafi ta yi aiki, amma ba duka ba. Takardu 5 sun sake zuwa iri ɗaya, duk daga rukuni guda. Na mayar musu, na ce kowa ya tsaya gaban aji ya nuna mini wurin a littafi. Uku sun iya.

Malama Hajara, na gwada baitocin. Yaron nan da waya ta rubuta wa amsa, ga abin da ya kawo, a gabana ya rubuta shi:

Hazo ya lulluɓe dutsen Shere,
Inna ta hura wuta da wuri.
Sanyi ya ƙwanƙwasa ƙofarmu,
Ya shigo ciki babu ko haƙuri.

Na rubuta a allo, na ce wa ya taɓa ganin sanyi da hannun ƙwanƙwasa ƙofa? Suka yi dariya, na ce to wannan ita ce mutuntarwa, kuma ɗan ajinku ne ya yi ta. Na tambayi amsa-amo, rabin aji suka ce "ri" baki ɗaya. Ya sunkuyar da kai yana murmushi har aka tashi.

Alhaji, na bi shawararka. Na samo manhajar shekararsu, na rubuta littattafan da ake bukata da adadin kwafi, shugaban makaranta ya sa maganar cikin taron iyaye na Asabar mai zuwa. Tatsuniyar kuma na mayar da ita aikin hutu, don kada ta ci lokacin manhaja. In an amince, zan nemi alfarmar masu zuwa Kano ɗin nan.

Yarinyar bencin baya ta sake rubuta amsarta, shafi ɗaya da rabi, da hujja uku daga littafi. Ta bar maganar kakarta a sakin layi na ƙarshe, ta tambaye ni ko ta cire saboda jarrabawa. Na ce a wannan takardar ta bar shi. Amma Malama Hajara, ke da kika san ɗakin duba takardu, ranar jarrabawa me zan ce mata? Ta cire gaba ɗaya, ko akwai yadda za ta sa shi cikin jimla ɗaya ba tare da ya ci mata maki ba? Talata nake da su, ina so in je mata da amsa.